Gadon Wuta da Gadon Jini: Tarihin Ciwon Zuciyar Mai Jego

A cikin adakar kakata, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa, akwai wani hoton ƙirji da aka ɗauka a nan Sakkwato a shekarar 2001. Na ƙanwar mahaifiyata ne, wadda muke kira Inna Ƙarama. In ka ɗaga shi ga hasken taga za ka ga haƙarƙari a jere, a tsakiyarsu kuma wata farar inuwa ta cinye fiye da rabin faɗin ƙirjin. Inuwar nan ita ce zuciyarta, kuma ta mai lafiya ba ta wuce rabi. An ɗauki hoton tana gab da yin arba'in, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, ba ta iya barci sai a zaune, jingine da bango. Jaririyarta ba ta cika wata uku ba aka yi mata sallah.

Ina ɗan shekara 9 a lokacin. Abin da na riƙe shi ne hayaƙin da ke tashi a bayan ɗaki tun kafin asuba, da ƙatuwar tukunyar da ke tafasa, da ƙamshin ganyen da ake tsomawa a ciki. Sai kuma wata magana da wata ma'aikaciyar lafiya ta yaɓa wa kakata a bakin ɗakin da aka kwantar da Inna Ƙarama: "Ai ku kuka dafa ta." Kakata ba ta ce mata uffan ba. Amma tun daga ranar, duk haihuwar da aka yi a gidanmu, sai ta ce a nemo wata ta hura wutar wanka, ita hannunta na ciwo.

Jaririyar nan yanzu ta zama mace, tana ɗakin mijinta, ga ta da cikin fari. Kwanaki ta kira ni ta ce, "Yaya, tunda kai ne na kwamfuta, ka duba mini, abin da ya kashe Innata ana gadonsa?" Ni ba likita ba ne, manhaja nake rubutawa. Na ce mata ta ba ni mako guda. Sai da na yi wata biyu ina karatu, domin ashe ciwon yana da dogon tarihi, kuma ƙasar Hausa ce a tsakiyar tarihin.

Bari mu fara da wankan kansa, don kada mai karatu ya ɗauka iyayenmu mugunta suke yi. A tunanin Bahaushe, babban maƙiyin mai jego shi ne sanyi. Haihuwa ta bar jiki a buɗe, ɗanye, idan sanyi ya shiga sai ya kawo kumburi da ciwon gaɓoɓi da rashin nono. Maganin sanyi kuwa zafi ne, ta waje da ta ciki. Ta waje, a tafasa ruwa safe da yamma, a tsoma ganyen dogonyaro ko na tsamiya ko runhu a riƙa fyaɗa mata a jiki, kwana 40, mai haihuwar fari ma takan zarce. A da har da gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa, ta kwanta a kai ta yi ta zufa. Ta ciki kuma, yaji da ƙauri da kunun kanwa, kwarya bayan kwarya. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin wankan a matsayin abin da kowace mace ta sani. Gata ne babba: itace da tsada, ruwa da nisa, wadda ba a yi wa ba ita ake tausayi.

Abin ban tausayi a nan shi ne, idan mai jego ta fara kumbura tana haki, ma'anarsa a wajen tsofaffi sanyi ya sami ƙofa. Sai a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Ita kuwa kanwa, wadda fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi da kwaruruwan yammacin Nijar, 'yar'uwar gishiri ce. Sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, shi ne kuma yake sa jiki ya riƙe ruwa. Wannan ne zaren da likitocin Zariya suka kama.

A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Eldryd Parry, ya zo koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson sun tarar da abin da ba su saba gani a ƙasarsu ba: mata matasa, da jarirai a hannu, suna cika ɗakin marasa lafiya da gazawar zuciya. Turawa sun san ciwon, an yi rubutu a kansa a New Orleans ta Amurka tun 1937, kuma a 1971 wani likita a Chicago mai suna Demakis ya bayyana shi a kan mata 27, ya raɗa masa sunan da likitoci ke taƙaitawa da haruffa huɗu, PPCM, waɗanda za ka gani a katin asibiti. A can, likita kan daɗe bai ga ko ɗaya ba. A Zariya, cikin shekara uku, Davidson da Parry sun tara mata 224. Kusan dukansu Hausawa ne ko Fulani, alhali asibitin na karɓar kowace ƙabila. Sun ƙiyasta cewa a cikin haihuwa 100, ɗaya na ƙarewa da wannan ciwo. Sun kuma lura cewa matan sun fi zuwa a watannin zafi da shigowar damina.

Sai suka yi abin da ya kamata a yaba musu: suka tambayi abin da ke faruwa a cikin gida. Wata mai bincike, Lorna Trevitt, ta shiga gidajen birnin Zariya ta ga yadda ake jego. A 1974 su uku suka buga bayaninsu a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ga yadda lissafin yake. Mai ciki jininta kan ƙaru da kusan rabi, bayan haihuwa kuma jiki na ƙoƙarin zubar da rarar. Kanwa ta hana ruwan fita. Zafin wanka da na gado ya buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Ga ƙarancin jini, ga hawan jini da kan taso bayan haihuwa. Kaya ya yi wa zuciya yawa, sai ta durƙusa.

Bayani ne mai kyau, mai shiga hankali, kuma ya shiga littattafan koyon likita na duniya. Daga littafi ya shiga aji, daga aji ya shiga rediyo da bakin ma'aikatan asibiti, har ya iso kunnen kakata a 2001 a cikin kalma biyar. Sai dai kayan aikin da aka gina bayanin a kansu su ne na'urar sauraren ƙirji, da awon jini, da hoton ƙirji irin na cikin adaka. Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Zai gaya maka zuciya ta yi girma, amma ba zai gaya maka tsokarta ce ta mutu ba, ko ruwa ne ya yi mata yawa, ko kuwa ruwan ya taru ne a jakar da ke lulluɓe da ita. Kamar ka ga inuwar mutum a bayan labule ne ka ce za ka faɗi ciwonsa.

Na'urar da ta ɗaga labulen ta fito ne daga wurin ƙera jiragen ruwa. A 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, wani likitan zuciya, Inge Edler, da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, suka aro wata na'ura daga ma'aikatar jiragen ruwa ta Malmo, wadda ake neman tsaga a cikin ƙarfe da ita. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa. Suka ɗora ta a ƙirji, suka ga bangon zuciya na motsi. (Wannan Hertz ɗin, baffan mahaifinsa ne aka sa wa ma'aunin nan da ake faɗin saurin waya da kwamfuta da shi.) Daga nan aka sami abin da asibiti ke kira eko, wanda ɗan'uwan sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki ne. Da eko ana auna abu ɗaya mai muhimmanci: a cikin jinin da ya cika babban ɗakin hagu na zuciya, kashi nawa take turawa a bugu guda? Lafiyayyiya kan tura kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Wadda tsokarta ta saki takan faɗo 30, ko 20, tana motsi kamar tsohuwar salka.

Eko ya isa Zariya kafin ƙarshen shekarun 1970. A 1979 John Sanderson, da likitoci biyu 'yan Nijeriya, Adesanya da Anjorin, da shi Parry, suka buga abin da suka gani a zukatan mata 43 masu wannan ciwo. Duk da kumburin da suka yi, da yawansu zuciyar na matsawa da ƙarfinta, jinin da take turawa ma ya fi na kullum. A wajen masu binciken, wannan ya ƙarfafa zancen kanwa da zafi: famfon lafiya lau yake, ruwa ne ya fi ƙarfinsa. To amma in ka sake karanta shi da idon yau, wani abu ne daban ya fito fili. Ashe cuta biyu aka zuba a kwando ɗaya. Akwai matan da gishiri da zafi da hawan jini suka cika wa jiki da ruwa, waɗanda maganin fitsari ke sassaɓe su cikin kwanaki. Akwai kuma waɗanda tsokar zuciyar ce ta lalace. A ƙarshen shekarun 1990 masana a Amurka suka raba gardama: ba za a kira ciwo PPCM ba sai eko ya nuna kason nan ya faɗo ƙasa da 45.

Da sabon ma'aunin, da a ce al'ada ce kaɗai sanadi, ya kamata adadin ya zube, tunda an cire masu cikar ruwa daga lissafi, gadon wuta kuma ya kusa ɓacewa a birane. Bai zube ba. A nan Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa Abubakar sun bi matan da suka zo da ciwon daga 2003 zuwa 2005, suka buga sakamakon a 2007. Mata 65. Ɗaya a cikin kowace haihuwa 102. Fiye da rabin matan da aka kwantar saboda gazawar zuciya, wannan ne ciwonsu. Kuma kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu ba su bi al'adar jegon ba sam. Don mai karatu ya ga girman abin: a Amurka ana maganar ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000, a Afirka ta Kudu ɗaya cikin 1,000, a Haiti ɗaya cikin 300, a Japan ɗaya cikin kusan 20,000. Na karanta wannan takarda sau uku. Shekara biyu kacal ke tsakanin rasuwar Inna Ƙarama da fara ƙidayar.

A tsallaken iyaka, a Yamai, wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, ya riga ya nuna wata hanyar tun 1992: jinin matan da ke da ciwon ya gaza a wani sinadari da ake kira saliniyam, wanda jiki ke samu daga abinci, abinci kuma daga ƙasar noma. An san rashinsa na kumbura zuciya, domin ya taɓa yin ɓarna a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya sami irin wannan ƙarancin a matan Kano a 2015.

Shi Karaye ɗin ne ya jagoranci bincike mafi girma da aka yi a ƙasar nan a kan ciwon, wanda ake kira PEACE. Daga Yunin 2017 zuwa Maris na 2018, asibitoci 22 a faɗin Nijeriya suka tara mata 406, kowace an tabbatar da nata da eko, aka kwatanta su da masu jego 99 masu lafiya. Kashi 72 cikin 100 na marasa lafiyar daga Arewa maso Yamma suke, a wani asibitin ma adadin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka zo tantance abin da ya bambanta masu ciwo da masu lafiya, abubuwa huɗu ne suka tsaya: rama, hawan jinin masu ciki, rashin karatun boko, da rashin sana'a. Wankan ruwan zafi bai tsaya ba. Kunun kanwa bai tsaya ba. Zama Bahaushiya ko Bafulatana ma bai tsaya ba. Da aka ci gaba da bin 244 daga cikinsu na wajen shekara ɗaya da rabi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba.

A nan sai in ja wa kaina birki, don na ga yadda ake murɗa irin wannan sakamako a Facebook. Binciken bai ce kanwa magani ce ba. Cewa ya yi ba ita ke raba wadda za ta kamu da wadda ba za ta kamu ba, tunda masu lafiyar ma suna sha. Amma zuciyar da ta riga ta raunana, gishiri da kanwa da ruwa mai ƙuna ƙarin kaya ne a kanta, kowane likitan zuciya zai faɗa maka haka. Parry bai yi ƙarya ba. Ya ga rabin abin, da idon da zamaninsa ya ba shi.

Saura tambayar ƙanwata. Mata dubbai ne ramammu, marasa karatu, masu hawan jini, suke haihuwa a Sakkwato kowace shekara, suna wanka suna shan kunu, su tashi garau. Me ya sa sai wannan ɗayar?

A cikin tsokar zuciya akwai wani furotin da ake kira titin. Ba titin mota ba, sunan ya fito ne daga wasu ƙattai na tatsuniyar Girkawa, domin shi ne furotin mafi girma a jikin ɗan Adam, mai ɗauke da ƙananan tubala sama da 30,000 a jere. Aikinsa kamar na roba ne: in tsoka ta miƙe, shi ke dawo da ita. Umarnin ƙera shi na rubuce a wata ƙwayar gado mai suna TTN. Mu masu rubuta manhaja mun san abin da ke faruwa idan alamar tsayawa ta faɗo a tsakiyar dogon umarni: na'ura ta karanta zuwa nan ta tsaya, sauran ya tafi a banza. Haka ke faruwa ga wasu mutane, an haife su da kwafin TTN ɗaya da ya yanke a hanya. A 2012 aka gano cewa irin wannan yankewa ce ke bayan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ciwon kumburin zuciya da ke bin dangi. A 2016 wata tawaga ƙarƙashin Zoltan Arany ta Jami'ar Pennsylvania, tare da James Ware na Landan, ta duba mata 172 masu ciwon zuciyar jego. Kashi 15 cikin 100 na ɗauke da yankakkiyar ƙwayar gado, biyu cikin uku na waɗannan kuma a TTN ne. A 2021 aka maimaita da mata 469, aka sami kusan ɗaya cikin goma da yankakken TTN.

Gadon nan ba irin na sikila ba ne, wanda sai an haɗo daga uwa da uba. Kwafi ɗaya ya isa, daga kowane ɓangare, kuma duk ɗan da mai shi ya haifa, mace ko namiji, rabi-da-rabi ne ya ɗauka ko ya tsira. Sannan ɗaukarsa ba ya nufin ciwo. Kusan mutum ɗaya cikin 100 zuwa 200 na yawo da shi bai sani ba. A 2017 masu bincike a Landan da Singafo suka sa lafiyayyun mutane wajen 1,400 a na'urar maganaɗisu ta MRI, wadda ke zana zuciya ta kowace fuska, suka sa kwamfuta ta gwada siffofin. Masu yankakken TTN zukatansu sun ɗan fi faɗi, kaɗan ƙwarai, yadda idon likita ba zai kama ba. Zuciya ce mai aiki lafiya muddin ba a ɗora mata abin da ya wuce kima ba. Ƙarshen ciki da farkon jego kuwa babu kayan da ya kai su nauyi: ga jinin da ya ƙaru, ga sinadaran da mahaifa ke zubawa, ga kuma furolaktin, sinadarin da ke kawo nono, wanda Denise Hilfiker-Kleiner ta Hanoba a Jamus ta nuna a 2007 cewa yakan tsage ya bar wani guntu mai cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya. In aka haɗa da yunwa da hawan jini, robar da dama gajeriya ce sai ta saki.

Wannan hanya ta haɗa hoton zuciya da rubutun gado ita ce ta zama babban fage a yanzu, kuma a nan ne abin ya shigo sana'ata. A Birtaniya akwai wani rumbu da ake kira UK Biobank. Tsakanin 2006 da 2010 mutum 500,000 suka ba da jininsu da tarihin lafiyarsu. Daga 2014 aka fara kiransu ana ɗaukar hoton cikinsu da MRI, a 2025 aka cika mutum 100,000. Babu likitocin da za su zauna su zagaye bangon zuciya da hannu a miliyoyin hotuna, don haka ƙwararru suka yi na mutum wajen 5,000, aka koya wa manhaja da su, ita ta ƙarasa sauran. Da ma'aunai suka samu, sai aka jera su gefen rubutun gadon kowa, aka tambayi kwamfuta: a ina ne bambancin harafi ɗaya ke tafiya tare da faɗin zuciya ko ƙarfin matsawarta? A 2020 James Pirruccello da abokansa a Boston suka yi haka da mutum 36,041, suka sami wurare 45 da ba a sani ba a da. Ma'ana, bayan manyan yankewa irin na TTN, akwai ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance, kowanne na ƙara ko rage ɗan kaɗan, jimillarsu ce ke sa zuciyar wani ta fi ta wani juriya. A shekarar dai wata tawagar ta auna saƙar tsokar da ke cikin bangon zuciya, wadda Leonardo da Vinci ya zana shekara 500 da suka wuce, a mutum sama da 18,000, ta nuna cewa ita ma gado ke tsara ta, kuma tana da hannu a gazawar zuciya.

Aiki ne mai ban sha'awa, na kwana ina karanta yadda aka gina shi. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen rumbun nan fararen fata ne, kuma an ɗauke su suna tsakanin shekara 40 da 69. Matan binciken 2016 daga Amurka da Jamus da Japan aka samo su. Babban kundin rubutun gadon ɗan Adam da ake kira 1000 Genomes ya ɗauki Yarabawan Ibadan da mutanen Esan, babu Bahaushe a ciki. Ba ƙaramin giɓi ba ne, domin Afirka ta fi ko'ina yawan bambancin gado: a 2020 shirin H3Africa ya karanta na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ya ci karo da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Masu bincike a King's College ta Landan sun ma gwada manhajar da aka koyar da hotunan rumbun Birtaniya, suka ga ta fi yin kuskure a zukatan baƙar fata. Duk wanda ya taɓa koyar da manhaja ba zai yi mamaki ba, abin da ka nuna mata shi ta sani. Japan mai ɗaya cikin 20,000 tana cikin lissafin gado, Sakkwato mai ɗaya cikin 102 tana waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, hotunan muna ɗaukarsu. Na taɓa yi wa wani asibiti aikin manhajar ajiyar bayanan marasa lafiya. Suna da na'urar eko mai kyau, mai iya fitar da kowane hoto a tsarin DICOM, wanda duniya ta amince da shi tun 1993. Ba a taɓa jona ta da komai ba. Likita zai duba, ya rubuta adadi a takarda, a buga hoto ɗaya a 'yar takardar nan mai santsi irin ta rasiɗin POS, wadda zafin Sakkwato ke shafewa kafin shekara ta zagayo. Idan cikin na'urar ya cika, sai a goge na baya. Na tambayi kuɗin faifan ajiya, bai kai na man janareta na mako guda ba, aka ce babu shi a kasafi. Hoton ƙirjin Inna Ƙarama na 2001 ya fi eko ɗin bara tsawon rai.

Na san tara jini da hotuna ba abin wasa ba ne a Arewa. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Duk wanda zai yi wannan aiki sai ya yi bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane, ya nemi izini na gaskiya, ya bi dokar kare bayanan jama'a ta 2023, rumbun kuma ya zauna a nan, a hannun jami'o'inmu. Ana iyawa. Tsakanin 2022 da 2023 Dakta Demilade Adedinsewo ta asibitin Mayo a Amurka, tare da likitocin asibitoci shida na Nijeriya, ciki har da na Kano da Dutse, sun gwada wata na'urar sauraren ƙirji mai ƙirƙirarriyar basira a kan masu ciki da masu jego kusan 1,200. Inda aka yi amfani da ita an gano masu raunin zuciya kashi 4 cikin 100, inda aka bi hanyar da aka saba kuwa kashi 2. Rabin masu ciwon ke nan suke wucewa ta gaban ma'aikaci ba a gan su ba, tunda haki da kumburin ƙafa kowa na ɗauka na ciki ne.

Ga abin da na gaya wa ƙanwata. E, ana iya gadonsa, amma a mafi yawan mata ba a samun wata ƙwayar gado guda da za a nuna, kuma ko an gada ba dole ne ya tashi ba. Ta gaya wa likitan awo abin da ya sami mahaifiyarta, da bakinta, kada ta jira a tambaye ta. Ta kula da awon hawan jini, ta ci abinci. In ta ga ba ta iya kwanciya sai ta tada kai, ko tari na tashinta da dare, ko kumburi ya ƙi sauka bayan haihuwa, ko ƙirjinta na dukan uku-uku tana zaune, to ba sanyi ba ne, a tafi asibiti ranar, a nemi eko. Wadda kuma aka taɓa samu da ciwon, kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ya ga ta koma daidai.

Mijinta ya kai ta aka yi eko tana wata takwas. Kason ya nuna 62. Likitar ta ce su dawo mako biyu bayan haihuwa a sake. Na roƙa aka tura mini ɗan bidiyon, daƙiƙa shida ne, na ajiye shi wuri uku.

Da na je gaida kakata na nuna mata a waya. Ta daɗe tana kallon abin yana buɗewa yana rufewa. Na ce mata, "Hajiya, likitocin Kano sun bincika mata ɗari huɗu, sun ce ba wanka ke kawo ciwon nan ba." Ban gaya mata sauran ba, wato cewa kanwa na iya ƙara wa mai ciwon nauyi. Na yi niyya, bakina ya ƙi.

Ta ce, "Kai dai maigida, ba ka rabuwa da kawo zance. To mi ya kashe ta?"

Na ce wataƙila abu ne da aka haife ta da shi, wanda ciki ya tayar.

Ta yi shiru. Can ta ce, "Daga wajena ko daga wajen ubanta?"

Na ce hoton ƙirji ba ya nuna wannan.

Ta miƙo mini wayar, ta jawo carbinta. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta ce in gaya wa yarinyar ta taho gida wanka, ita za ta hura wutar da kanta, amma sai ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan tukuna, kunu kuma na gyaɗa za a dama.